Haɗin Kai Ko Haɗin Baki?

Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraren labarun siyasa a rediyo ya san akwai wasu kalmomi da ba sa tsufa. Da zarar an kammala zaɓen fid da gwani, musamman idan sakamakon ya zo da ba-zata, sai ka ji an shiga cewa a haɗa kai, a ɗinke ɓaraka, a bi jam'iyya sau da ƙafa. Kalmomi ne masu daɗin ji, kuma babu mai hankalin da zai fito fili ya ce shi rarrabuwa yake so. To amma mu da muke zaune a Birnin Gwari, a bakin dajin da ya ci mana mutane da dukiya shekara da shekaru, mun sha jin waɗannan kalmomi har mun fara tambayar kanmu: shin mene ne haɗin kan nan? Wa ake bi bashinsa? Kuma wa ke da alhakin labarin da ake bayarwa a kansa?

Tambayar ta shafi 'yan siyasa, amma a ganinmu ta fi shafar masu riƙe da alƙalami, domin talaka ba ya shiga ɗakin da manyan jam'iyya ke ganawa. Abin da ya sani game da rikicinsu da sulhunsu shi ne abin da mai rubutu ko mai gabatar da shiri ya gaya masa.

Harshenmu kansa ya riga ya raba mana abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai haɗin kai, akwai kuma haɗin baki. Kai shi ne mazaunin tunani, saboda haka haɗin kai yana nufin tunani ya gamu da tunani har a fitar da matsaya. Baki kuwa mafitar magana ne, haɗin baki shi ne a faɗi abu ɗaya ko da zukata sun saɓa. Shi ya sa da wuya ka ji Bahaushe ya ambaci haɗin baki a wurin alheri. Sai dai ka ji an ce da haɗin bakin mai gadi aka yi satar. Abin da za mu duba a wannan maƙala shi ne, idan aka kira mutane zuwa ga haɗin kai bayan wani ya yi nasarar da ba a zata ba, wanne daga cikin biyun nan ake nema?

Abin Da Ya Faru A Mazaɓarmu

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Birnin Gwari tana cikin mazaɓar sanata ta Kaduna ta Tsakiya, tare da Chikun da Giwa da Igabi da Kajuru da Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu. A watan Disamba na 2014 jam'iyyar APC ta yi zaɓen fid da gwani na wannan kujera, inda Shehu Sani ya kayar da sanata mai ci, Janar Sani Saleh mai ritaya. Shehu Sani ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin ɗan Adam ne, wanda gwamnatin Janar Sani Abacha ta ɗaure a 1995, bai fito ba sai a 1998. Ya sha neman kujerar bai samu ba. Saboda haka da ya yi nasara a wannan karo, kuma ya ci babban zaɓe a watan Maris na 2015, sai jama'a da dama suka ɗauka cewa ɗan talakawa ya shiga majalisa.

Ba a daɗe ba aka fara jin saɓani tsakaninsa da gwamnan da suka hau tare a jam'iyya ɗaya, Malam Nasir El-Rufai. Tun kafin 2015 ta ƙare reshen jam'iyyar ya ba da sanarwar dakatar da sanatan. A 2017 aka yi wa malaman firamare jarrabawa, gwamnati ta ce mutum 21,780 sun faɗi, ta kuma ƙuduri aniyar sallamarsu, sanatan ya soki matakin. Shekarar 2018 kuwa ita ce wutar ta fi ruruwa. A watan Fabrairu aka rushe ginin da wani ɓangare na jam'iyyar ya mayar sakatariyarsa a Kaduna. A watan Maris sanatan ya bayyana cewa kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13 da rabi a wata a matsayin kuɗin gudanar da ofis. A ƙarshen watan ne kuma Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da bashin dala miliyan 350 da Jihar Kaduna ta nema daga Bankin Duniya, bisa shawarar kwamitin da shi yake shugabanta, sanatocin jihar su uku kuma duk ba su goyi bayan bashin ba. A watan Oktoba takarar kujerar ta koma hannun Malam Uba Sani, shi kuwa Shehu Sani ya fice ya shiga PRP, ya kuma faɗi a zaɓen 2019.

A tsakiyar wannan duka, ranar 5 ga Mayu 2018, 'yan bindiga suka shiga ƙauyen Gwaska a ƙasar Birnin Gwari suka kashe aƙalla mutum 45, har da yara. Jaridu sun ɗauki labarin, ba za mu zalunce su ba, kuma bayan harin an ba da sanarwar kafa bataliyar soja a yankin. Amma bayan 'yan kwanaki kanun labarai suka koma inda suka fito. Mu da muka yi jana'iza muka ci gaba da lissafin wace rana ce za a iya bin hanyar Kaduna ko ta Funtuwa, masu sharhi kuwa suka ci gaba da lissafin wa ya mayar wa wa da martani.

Yadda Labari Ke Samun Siffarsa

Idan muka lura, bayan irin wannan nasara ta ba-zata labari iri uku ake bayarwa, ɗaya bayan ɗaya, kusan kamar an rubuta su tun kafin a jefa ƙuri'a. Na farko shi ne labarin gwarzo: talakawa sun yi magana, zamanin manya ya ƙare. Na biyu labarin ɓaraka: jam'iyya ta dare gida biyu, wane ba ya ga maciji da wane. Na uku labarin hukunci: ko dai a ce sabon gwarzon butulu ne mai taurin kai da ya ci amanar jam'iyyar da ta ɗauke shi, ko kuma a ce manyan jam'iyya azzalumai ne da suka haɗu suka murƙushe mai gaskiya. Wanda za ka ji daga cikin biyun ya danganta ga tashar da ka kama da wanda ya biya kuɗin filin.

Kowane ɗaya daga cikin labarun nan yana da gaskiya a cikinsa, shi ya sa yake karɓuwa. Amma kowanne yana ɓoye wani abu. Labarin gwarzo yana ɓoye cewa a irin wancan zaɓen fid da gwani daliget ne ke jefa ƙuri'a, wato wakilan jam'iyya daga gundumomi, kuma dalilan da ke sa daliget ya juya wa mai ci baya suna da yawa: akwai aƙida, akwai fushin an manta da shi, akwai umurnin wani babba, akwai kuma abin da ba a faɗa. Labarin ɓaraka yana ɓoye abin da aka saɓa a kansa. Labarin hukunci kuwa yana ɓoye cewa mutum biyu suna iya saɓawa alhali kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya.

Mun taɓa gwada wannan a aji. A lokacin da ake ta cacar baki kan bashin nan, muka tambayi ɗalibanmu na ajin ƙarshe abin da suka sani game da shi. Babu wanda bai san wa ya zagi wa ba, wasu har suna iya kwaikwayon muryoyin sojojin baka na kowane ɓangare. Da muka tambaye su hujjar kowane ɓangare, sai aji ya yi tsit. Alhali hujjojin ba su da wuyar fahimta. Masu neman bashin sun ce ruwansa kaɗan ne, lokacin biyansa mai tsawo ne, kuma jihar tana bukatar makarantu da asibitoci da hanyoyi yanzu. Masu ƙi sun ce Kaduna ta riga ta zama ta biyu a yawan bashin waje a tsakanin jihohi, bayan Legas, kuma bashin dala ne alhali jihar naira take samu. Wannan muhawara ce da ɗan sakandare zai iya bi, kuma shi ne zai biya bashin idan ya girma. Amma ba ita aka kawo masa ba.

Me ya sa haka? Ba lalle ne mu ce 'yan jarida miyagu ne ba. Akwai dalilin da ya fi wannan sauƙi. Labarin rikicin jam'iyya yana da araha. Wakilin jarida yana zaune a Kaduna, takardar sanarwa ta zo masa daga wannan ɓangare da safe, martani ya zo daga wancan da yamma, wani lokaci ma har da ɗan kuɗin mota. Labarin daji kuwa yana da tsada. Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari kimanin kilomita 120 ne, kuma a shekarun nan wanda ya bi hanyar ta Buruku da Udawa ya san da ransa yake ciniki. Wa zai biya wakili ya je Dogon Dawa ko Kuyello ko Randagi ya ji yadda manomi ke biyan kuɗi kafin a bar shi ya girbe gonarsa? Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu saboda matakan tsaro, ko kiran waya ba ya fita balle labari. Ga shi kuma faɗan manya yana da fuska da suna, mai sauraro yana iya zaɓar gwaninsa kamar a filin dambe. Mutuwar talaka kuwa adadi ce kawai, yau 10, gobe 20, har kunne ya saba.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Sau da yawa idan aka ambaci Birnin Gwari a cikin cacar bakin, sanda ce aka mayar da ita. Magoya bayan wannan su ce ga abin da gazawar wancan ta jawo, magoya bayan wancan su ce ina amfanin wakilcin wannan. Gawar ɗan'uwanka ta zama hujja a muhawarar da ba don kai ake yin ta ba.

Santsi Da Taɓo

Iyayenmu sun ga irin wannan kafin mu. A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci kujerar gwamna a Kano da Muhammadu Abubakar Rimi, ta kuma ba da mamaki a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina, inda Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN. Sai dai NPN ce ke da kusan kashi biyu bisa uku na kujerun majalisar jihar, ta kuma ƙi amincewa da mutanen da gwamnan ya gabatar a matsayin kwamishinoni.

A 1980 PRP kanta ta tsage. Gwamnonin biyu suna halartar taro da gwamnonin UPN da GNPP, suna ganin haɗa ƙarfi da sauran masu ra'ayin sauyi shi ne hanyar tunkarar NPN. Shugabannin jam'iyya suka hana, gwamnonin suka ƙi bari, aka kore su. Ɓangaren gwamnoni ya zama Santsi, da Michael Imoudu a matsayin shugaba, ɓangaren Malam ya zama Taɓo. Abin lura a nan shi ne, kowane ɓangare da sunan haɗin kai yake magana. 'Yan Taɓo suna cewa a haɗa kai a bayan shugaban jam'iyya, 'yan Santsi suna cewa a haɗa kai da duk masu neman sauyi a ƙasa. Kalma ɗaya, kowa da abin da yake nufi da ita. Kafafen yaɗa labarai ma suka rabu, har gwamnatin Rimi ta kafa kamfanin jaridar Triumph a 1980 don Kano ta sami bakin faɗin nata.

Sakamakon sananne ne. Ranar 23 ga Yuni 1981 majalisa ta tsige Balarabe Musa, shi ne gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin Nijeriya. Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilu na 1983 ba a sasanta ba. Rimi ya koma NPP ya faɗi a hannun Alhaji Sabo Bakin Zuwo, Kaduna kuwa ta koma hannun Lawal Kaita. A ƙarshen shekarar soja suka kwashe kowa. Tsamar ba ta mutu ba, domin a zaɓen gwamna na 1991 a Kano, rigimar gidan SDP ta taimaka wa Kabiru Gaya na NRC ya kayar da Magaji Abdullahi a jihar da kowa ya san ta masu ra'ayin sauyi ce.

Mun kawo wannan tarihi ne don kada a ɗauka muna raina masu kiran haɗin kai. Suna da hujja mai ƙarfi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma idan jam'iyyar talakawa ta tsage, manyanta ba sa rasa abinci, talakan da ya sa rai ne ke komawa gidan jiya. Duk wanda ya ce rarrabuwa ba ta da farashi bai karanta tarihin Kano da Kaduna ba. Amma tarihin nan bai nuna cewa da ɓangare ɗaya ya yi shiru da an tsira ba. Abin da ya nuna shi ne jam'iyyar ba ta da zauren da za a zauna a warware saɓani na gaskiya, sai kora da martani a jarida.

Wa Ake Bi Bashin Haɗin Kai?

A nan ne tambayar ɗabi'a take. A ganinmu akwai ma'auni guda biyu da za a iya gwada duk wani kiran haɗin kai da su.

Na farko, shin mai kiran zai yarda a auna masa da mudun da yake auna wa wasu? Abin da aka saba gani shi ne, idan ɗan takarar manya ya ci, sai a ce wa 'yan sauyi su yi haƙuri su bi, jam'iyya ta fi mutum. Idan kuma ɗan sauyi ya ci, sai manyan su ja jiki, su ce sai sun ga kamun ludayinsa, wasu ma su yi wa abokan hamayya aiki a ɓoye. Wannan ba halin Nijeriya kaɗai ba ne. A birnin New York na Amurka, a watan Yuni na 2025, wani matashi mai ra'ayin sauyi, Zohran Mamdani, ya kayar da tsohon gwamna Andrew Cuomo a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Democrat na kujerar magajin gari. Wanda ya faɗin bai janye ba, ya tsaya takara a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, wasu manyan jam'iyyar kuma suka daɗe suna jan ƙafa kafin su goyi bayan wanda ya ci. Haka kuma ɗan sauyin da yake neman a bi shi idan ya ci, amma ya tattara kayansa ya fice duk ranar da aka kayar da shi bisa ƙa'ida, shi ma mudu biyu gare shi. Haɗin kan da ake nema daga ɓangare ɗaya kawai sunansa biyayya, kuma ya kamata a kira shi da sunansa.

Na biyu, a haɗa kai a yi me? Ana yawan kawo karin maganar nan ta tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Gaskiya ne, amma ana ɗaure tsintsiya ne don a yi shara. Wadda aka ɗaure aka jingine a lungu, ɗaki yana cike da datti, ɗaurin bai amfani kowa ba. Idan aka ce wa wakili ya yi shiru a kan abin da yake ganin zai cuci jama'arsa don kada jam'iyya ta ji kunya, to an nemi haɗin baki. Idan kuma aka ce masa ya kawo hujjarsa a zauna, in an rinjaye shi bisa ƙa'ida ya bi ba tare da an tilasta masa ya ƙaryata kansa ba, wannan shi ne haɗin kai.

Daga nan haƙƙin kowa yake fitowa. Wanda ya faɗi, haƙƙinsa ne ya yarda da sakamakon da shi ma zai so a yarda da shi da shi ne ya ci. Shugabannin jam'iyya, haƙƙinsu ne su gane cewa nasarar ba-zata saƙo ce daga ƙasa, mai hankali kuwa yana karanta saƙo kafin ya hukunta ɗan aike. Wanda ya ci shi ma yana da nasa nauyin, kuma sau da yawa masoyansa ba sa son a faɗa. Nasara a zaɓen fid da gwani ba ta mai da mutum ma'asumi. Wanda ya saba da gwagwarmaya yana iya kasa bambance faɗin gaskiya da son a ji muryarsa, har ya zama duk abin da zai iya gyarawa a ɗaki sai ya kai shi gaban 'yan jarida. Kujera amana ce ta waɗanda ba su da murya, kuma wani lokaci cika amanar yana bukatar ka zauna da wanda ba ka so, ka haɗiye maganar da za ta yi daɗi a kanun labarai, don a samu a tura jami'an tsaro wani ƙauye ko a gyara wata gada. Wani lokaci kuma cika amanar yana bukatar ka ƙi, ko da za ka rasa kujerar. Babu wata doka da za ta gaya wa mutum wane lokaci ne wanne. Abin da za a iya tambayarsa shi ne, da ka yi shiru don wa ka yi, da ka yi magana don wa ka yi?

Mu ma malamai mun ɗanɗana wannan. Lokacin sallamar malaman firamare ɗakin malamanmu ya rabu. Wasu suka ce yaran da ake kawo mana aji ɗaya ba sa iya karanta sunansu, dole a yi gyara. Wasu suka ce ba a raba dubban magidanta da abincinsu da jarrabawa guda, kuma wa zai yarda ya je ya koyar a ƙauyen da ke bakin daji in an kori ɗan garin? Duk maganganun biyu gaskiya ne. Amma da yake rediyo ta riga ta raba mana riguna, duk wanda ya faɗi ta farko sai a ce ɗan gwamna ne, wanda ya faɗi ta biyu a ce ɗan sanata ne. Sai muka daina sauraren juna, alhali allo ɗaya muke rubutu a kai.

Nauyin Mai Alƙalami

Ga 'yan'uwanmu marubuta, musamman masu tasowa, akwai abin da za mu ɗauka a nan. Labarin gwarzo da mugu shi ne mafi sauƙin rubutawa, a littafin ƙirƙira ko a sharhin siyasa. Yana gudu, yana sayuwa, kuma yana sa a yaba maka a majalisar da kake zama. Amma marubucin da ya saba da shi yana koya wa masu karatunsa malalacin tunani, su riƙa tambayar wa ya faɗa kafin su tambayi me aka faɗa.

Ba muna cewa marubuci kada ya ɗauki matsaya ba. Malam Sa'adu Zungur ya ɗauka, Chinua Achebe ma ya shiga PRP har ya riƙe babban muƙami a cikinta. Abin da muke cewa shi ne, kafin ka rubuta cewa jam'iyya ta tsage, faɗa mana a kan me. Kafin ka kira mutum butulu ko gwarzo, kawo mana hujjar abokin hamayyarsa yadda shi kansa zai yarda cewa hujjarsa ce. Idan ka ji an ce a haɗa kai, tambayi mai maganar abin da shi zai sadaukar. Sannan a ƙarshen kowane labarin rikicin manya, tuna da wanda ba a gayyata taron 'yan jarida ba, ka tambayi abin da rikicin ko sulhun ya ƙara masa ko ya rage masa.

Kammalawa

Lokaci ya riga ya yi wa labarun nan hukunci. Malam Uba Sani ya zama gwamna a 2023, kuma a watan Maris na 2024 ya bayyana cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, sai muhawarar da aka ƙi yi a 2018 ta dawo sabuwa. A watan Fabrairu na 2025 Shehu Sani ya koma APC, a watan Maris na shekarar Malam Nasir El-Rufai ya bar ta. Waɗanda aka ce mana ba za su taɓa shan inuwa ɗaya ba sun sha, waɗanda aka ce mana ɗan juma ne da ɗan jummai sun rabu. Ba mu ga laifin kowa a kan sauya sheƙa ba, siyasa ta gaji haka. Amma abokan da suka daina gaisawa a garinmu saboda su, wasunsu har yau ba su koma kamar da ba, kuma waɗanda aka binne a Gwaska ba su da jam'iyyar da za su koma.

A ƙarshen Nuwamba na 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, sakamakon sulhun da aka ƙulla da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai. A ranar akwai wanda ya yi murna, akwai wanda ya ga fuskar da ba zai iya mantawa ba ya juya ya koma gida. Dukansu mutanen gari ɗaya ne, kuma babu wanda ya isa ya ce wa na biyun ya yi shiru don kada ya ɓata taro. Idan har garin da aka zubar da jini a cikinsa zai iya neman zama tare ba tare da an hana mai ciwo faɗin ciwonsa ba, to jam'iyyar da kujera kawai ta raba 'ya'yanta ba ta da uzuri.

Muna roƙon Allah Ya ba shugabanninmu haƙurin sauraren juna, Ya ba marubutanmu tsoron ranar da za a tambaye su abin da alƙalaminsu ya rubuta, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.